Kiwon Ƙadangare Mai Ƙaho a Lubbock: Littafin Aiki

24 ga Agusta, 2024

Yau da la'asar ƙadangarun suka shigo gidan nan, mace da namiji, cikin kwalin takalmi da aka zuba wa yashi. Abokin aikina ne ya bar mini su. Ya sami aiki a Turai, tafiya da su kuwa sai an sha fama, domin tun taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, da aka yi a Panama a Nuwamban 2022 aka saka duk ƙadangaru masu ƙaho cikin dabbobin da ba a ƙetare iyakar ƙasa da su sai da takardar izini. Ya haɗo mini da akwatin gilas, da fitilu biyu, da ɗan sikeli, da takardar mutumin da ya ƙyanƙyashe su a gidansa.

Takardar na fara karantawa kafin in tsaya kallon dabbobin. A nan Teksas akwai ƙadangare mai ƙaho ɗan gida, wanda jihar ta zaɓa a 1993 ya zama tambarinta cikin dabbobi masu jan ciki. Tun 1967 doka ta ba shi kariya, a 1977 kuma aka sa shi cikin masu fuskantar barazana, don haka wanda ya ajiye shi a ɗaki ba da izini ba ya taka doka. Nawa ba shi ba ne. Irin na hamada ne, wanda masana ke kira Phrynosoma platyrhinos, asalinsa can Nebada da Utah da yammacin Arizona da gabashin Kalifoniya. A da daga Nebada ake kwaso su buhu-buhu ana kai wa masu shagunan dabbobi, sai a 2017 jihar ta yanke shawarar hana kamun dabbobi masu jan ciki don kasuwanci.

Kowane ɗaya bai cika tafin hannuna ba. Jikin a baje yake, zagayayye kamar ƙaramar gurasa, ga ƙahoni a ƙeya sun fuskanci baya, ga jerin ƙayoyi ƙanana a gefen ciki, jela gajeriya. Macen giram 29, namijin 22. Ana gane namijin da kaurin gindin jela da wasu manyan ɓawo guda biyu a ƙarƙashinta.

Uwargida ta leƙa kwalin ta ce, "Malam, a garinmu jifan ƙadangare yara ke yi. Kai kuma ka kawo shi falo."

27 ga Agusta

Na gama shirya akwatin. Tsawonsa santimita 120, faɗi 60. Na zuba wankakken yashi da na gauraya da 'yar ƙasa, zurfin taki guda, sannan na binne faffaɗan dutse a gefe ɗaya har gindinsa ya taɓa gilas, don kada su tona ƙarƙashinsa ya danne su. A kan dutsen fitilar zafi take, ma'auni na nuna digiri 44 da tsakar rana. Ɗaya gefen 27 ne. Da dare ana kashe komai.

Fitila ta biyu doguwa ce, ta UVB, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani. Ita ce ba a wasa da ita. Da wannan haske fatarsu ke haɗa bitamin D3, in babu shi kalsiyam ba ya shiga ƙashi, sai haɓa ta yi laushi, ƙafafu su karkace. 'Yata ta ce me zai hana mu ajiye su bakin taga su sha hantsi kyauta. Gilashin taga na tare UVB, zafin kawai yake bari ya wuce, akwatin gilas a rana kuwa tanda ne.

Da magariba na ga yadda suke kwanciya. Namijin ya dunƙufar da hancinsa cikin yashi, ya riƙa girgiza jiki hagu da dama, ƙayoyin gefen cikinsa na watso yashi bisa bayansa, kafin ka ce kwabo ba a ganin komai sai tsinin ƙahoni biyu.

2 ga Satumba

Yanzu aka zo wurin. Ragowar tururuwar da abokina ya bari ta ƙare jiya.

Wannan dabba tururuwa ce abincinta, kuma ba kowace iri ba, manyan nan masu tara tsabar ciyawa, 'yan gidan Pogonomyrmex. Masana biyu, Eric Pianka da William Parker, sun wallafa nazarin irin nawa ɗin nan a 1975. Tumbinsa kaɗai ya kai kusan kashi 13 cikin ɗari na nauyin jikinsa, saboda tururuwa yawancinta ɓawo ce, sai an ci da yawa ake samun abin kirki. Babban tumbi ya hana shi gudu, rashin gudu ya sa ya dogara da ɓuya da ƙaho. Duk siffar jikin nan daga abincin ta samo asali. Macen tawa, in ta sami yadda take so, tana lashe sittin zuwa saba'in kafin azahar.

A cikin gari ba zan ɗebi tururuwa ba. Masu gidaje a nan na zuba wa gidajenta guba a farfajiya, wadda ta ɗauki gubar ba ta mutu ba tukuna ita ce za ta kashe mini ƙadangare. Bakin gonakin auduga ma haka, ga feshi. Wani dattijo da muke aiki da ɗansa yana da fili arewa da gari da ya bari ciyawa ta rufe shekara da shekaru, ya ce in shiga duk lokacin da na ga dama, in dai zan rufe ƙofa.

Gidan tururuwar ba ya ɓuya. Fili ne zagayayye da suka share tas, faɗinsa ya fi mita guda, an shimfiɗe shi da tsakuwa ƙanana, rami ɗaya a tsakiya, hanyoyi biyu ko uku sun miƙe cikin ciyawa. Da hantsi ake zuwa, kafin rana ta kore su. Ina tsugunawa a gefen hanya, nesa da bakin ramin, in riƙa kwasa da ludayi mai dogon hannu ina juyewa a roba mai santsi. Sa'a ɗaya da aka yi, ba su iya hawa santsi ba. A gida ina ajiye su da ɗan jiƙaƙƙen auduga da tsabar ciyawa, in zan ba ƙadangaru sai in sa rabon ranar a firij na 'yan mintoci su yi sanyi, in riƙa zubawa goma-goma. In aka zuba da yawa gaba ɗaya, taruwa suke yi a kan ƙadangaren, shi kuma ya runtse ido ya ƙame, ya ƙi ci.

9 ga Satumba

Ɗaya ta hau takalmina ta harbe ni ta cikin safa, sama da idon sawu. Da farko kamar ba komai. Bayan 'yan mintoci ciwon ya nutsa ciki, ya riƙa zuwa yana komawa, wurin ya riƙa tsattsafo da gumi shi kaɗai, gashin da ke kewaye ya miƙe tsaye. Zuwa azahar kaluluwa ta fito mini a matsematsi. Marigayi Justin Schmidt na Tucson, wanda ya jera zafin harbin ƙwari daga 1 zuwa 4, ya ba wannan tururuwa 3, zuma kuwa 2 ya ba ta. Ban ga abin musu a lissafinsa ba.

Da na dawo ina ɗingishi, sai na zauna ina kallon macen tana cin 'yan'uwan wadda ta harbe ni. Takan ɗan ɗaga gaba, ta karkata kai, ta bi ɗaya da ido, ta yi taku biyu, harshe ya fito ya koma. Babu tauna. Masana Wade Sherbrooke da Kurt Schwenk sun nuna cewa a maƙogwaro ake naɗe tururuwar cikin wani yauƙi mai kauri, ta isa tumbi a dunƙule, ba halin cizo ba halin harbi. Ban da haka, jininsu na da abin da ke karya dafin. Kashinsu ma shaida ne: ɗan dunƙule baƙi mai farin kai, in ka murje shi da tsinke sai ka ga kawunan tururuwa zalla suna ƙyalli. Na mai da duba shi al'ada, don shi ne ke fara faɗa mini in wani abu ya taɓu.

21 ga Satumba

Ba sa shan ruwa a kwano. Da sassafe nake fesa musu a baya. Yau na ga abin da kyau: namijin ya miƙe ƙafafun baya, ya baje bayansa, ya sunkuyar da kai ƙasa, haɓarsa na motsi a hankali. Tsakanin ɓawon jikinsa akwai 'yan magudanai da ido ba ya gani, su ke jan ruwan har kusurwar baki. Sau biyu a mako ya wadatar, kuma dole yashin sama ya bushe kafin dare.

Na yi waya da Inna, ta tambayi abin da nake yi ranar Asabar da ba a samuna. Da na gaya mata sai ta yi shiru, can ta ce, "Kai yaron nan, duk karatun naka a gidan tururuwa ya ƙare?" Daga nan ta shiga ba ni labarin shekarun fari, yadda mata kan fita da galma su tone gidan tururuwa, su kwashe tsabar da ta tara, a sheƙe a daka. Ta ce in riƙa barin musu wani abu. Masu bincike ma abin da suka gani ke nan: in aka kwashe masu fita neman abinci da yawa, gidan kan rufe fita na kwanaki, shi ya sa ƙadangaren daji ke cin kaɗan a nan ya wuce gaba. Na sami gidaje shida a filin, ina zagaya su bi da bi.

20 ga Oktoba

Sanyi ya fara shigowa, su ma sun sani ko da suna cikin ɗaki. Namijin ba ya fitowa sai hantsi ya ɗaga, macen ta rage ci da kanta. Na rage awoyin fitila daga 13 zuwa 10. Daga yau babu abinci. Mako biyu za su yi da fitilar zafi a kunne ciki ba komai, domin in suka shiga barcin hunturu da abinci a tumbi, ruɓewa zai yi ya kashe su. Ruwa dai ana ci gaba da fesawa. Macen 32, namijin 24.

10 ga Nuwamba

Sun kwanta. Kowa da robarsa mai huji a murfi, yashi rabinta, a cikin wani ƙaramin firij da ake iya saita shi a digiri 10. Gareji ya fi sauƙi, amma garejin Lubbock yau ɗumi gobe ƙanƙara, abin da barcin ke so kuwa sanyi ne da ba ya hawa ba ya sauka. Kullum ina buɗe ƙofar firij ɗin na ɗan lokaci iska ta shiga.

Uwargida ta liƙa takarda a jikinsa don baƙi: "Ba na lemo ba ne."

28 ga Disamba

Mun je suna a Fort Worth, a hanya na roƙi alfarma muka ratse Eastland. A harabar kotun garin akwai gawar wani ƙadangare mai ƙaho, Old Rip, kwance cikin ɗan akwatin gawa mai shimfiɗar karammiski, ana leƙensa ta gilas. Labarin da suke bayarwa shi ne a 1897 aka rufe shi cikin dutsen harsashin tsohuwar kotun, da aka rushe ta a Fabrairun 1928 aka fito da shi da rai bayan shekara 31. Har Fadar White House aka kai shi Shugaba Calvin Coolidge ya gan shi. Bai cika shekara da fitowa ba ya mutu, a Janairun 1929.

Ni dai ban yarda ba. Dabbar da shekarunta ba su cika wuce biyar zuwa takwas ba, wadda nake auna ta duk bayan mako biyu don kada barcin wata huɗu ya ƙarar da ita, ba za ta yi shekara 31 cikin dutse ba. Wani ne ya zo da nasa a aljihu. Abin takaicin shi ne labarin ya ƙara wa mutane kwaɗayin dabbar, aka yi ta kwasarta daga Teksas ana sayar wa masu yawon buɗe ido da yara a garuruwan da ko gidan tururuwa ɗaya irin wannan babu. A kwali suka riƙa mutuwa da yunwa.

Kamun ba shi kaɗai ya rage su ba. Jar cinnakar nan ta Kudancin Amurka da ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Mobile a Alabama wajen shekarun 1930 ta mamaye gabashin Teksas, ta kori tururuwa mai tara tsaba, tana kuma cinye 'ya'yan ƙadangaren. Gubar da aka yi ta watsawa don a kashe cinnakar ta haɗa da tururuwar. Ga gine-gine da tituna. Mu nan yamma rashin ruwa ne ya taƙaita cinnakar, shi ya sa har yanzu ake ganin ƙadangaren jefi-jefi. Gidan namun daji na Fort Worth na ƙyanƙyashe su, tare da hukumar kula da namun daji ta jihar suna sakin 'ya'yan a gandun Mason Mountain.

Da muka dawo na auna: macen 31, namijin 23.

22 ga Janairu, 2025

Sanyin makon nan ya kai har dusar ƙanƙara ta sauka a Houston. Firij ɗin na cikin ɗaki, bai motsa daga 10 ba. Na ɗiga wa kowanne ruwa a hanci, macen ta buɗe ido ɗaya ta rufe.

15 ga Maris

Ranar 2 ga wata na fito da su. Kwana uku a ɗaki ba fitila, sannan na kunna. Ruwa suka fara nema. Macen ta fito da giram 30, namijin 22, ramar ba ta kai ta damuwa ba.

Jiya guguwar ƙura ta rufe garin, sama ta yi ja, mota na tafiya da fitila da rana tsaka. Ga azumi a baki. Ko da ma babu ƙura, tururuwar fili ba ta gama fitowa ba, ɗaiɗaiku ne ke zagaya bakin rami. Na yi odar wasu ta intanet, irin waɗanda ake sayar wa yara su sa a gidan tururuwa na gilas. Sun iso, kusan rabi a mace, kuɗin aikowa ya fi na tururuwar. Ragowar gibin da ƙananan kyankyasai da 'ya'yan gyare nake cikewa, ina barbaɗa musu garin kalsiyam. Namijin na karɓa. Macen sai ta kalli kyankyaso ya bi ta kan ƙafarta ya wuce.

Akwai wani gari da ake tallatawa, wai an sa masa sinadarin fomik asid, in ka barbaɗa wa gyare ya zama daidai da tururuwa. Ni abin bai kwanta mini ba. Tururuwa masu fesa wannan sinadari wani gida ne daban. Wadda ƙadangaren nan ya fi ci mai ƙari ce, dafi take harbawa. To me ake mayarwa? Na bar kuɗina a aljihu.

19 ga Afrilu

Sun yi saɓa. Ba kamar maciji ba, ɓalle-ɓalle take fita, ta ƙahoni ta fita kamar 'yan huluna. Launinsu ya fito, ja-ja da toka daidai da yashin.

Namijin ya shiga gyaɗa kai ba ji ba gani, yana bin macen lungu-lungu. Ranar Talata ya kama ta a wuya. 'Yata da ƙawayenta sun zo musamman su ga yadda ake fesa jini ta ido, don an koya musu a makaranta. Gaskiya ne wasu na yi, na Teksas kan feso shi har ya wuce mita guda, kuma kare da dila ake yi wa, saboda jinin na musu ɗaci a baki. Irin nawa ba a san shi da yi ba sai da ƙyar, kuma ba zan tsorata dabba don a yi kallo ba. Ta ce, "Abba, to me suka iya?" Na ce su zauna shiru su nemo namijin a cikin yashi. Yana gabansu, sun daɗe ba su gan shi ba.

17 ga Mayu

Yau na tarar da mai wurin. Ina tsugune a gidan tururuwa na uku, ludayi a hannu, sai wani dutse ya motsa. Na Teksas ne, babba, ya kusa ninka macen tawa, ƙahoni biyu na tsakiya dogaye, farin zane ya bi tsakiyar bayansa, ƙayoyin gefe layi biyu. Ya lafe a bakin hanyar tururuwa yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa shi ba, na ɗauki hoto na ja da baya.

A mota na yi ta juya abin. Tun bara nake kwasar abincinsa ina kai wa baƙi biyu da ke cikin gilas, shi da doka ke karewa, a ƙasarsa. Gida shida a fili ɗaya ba su da yawa. Na bar masa wannan da na kusa da shi, saura huɗu ke nan, kuma macen cikinta ya fara fitowa, cinta ya ƙaru.

Akwai kuma wata matsalar. Wata tsutsar ciki, Skrjabinoptera phrynosoma, tsakanin ƙadangaren nan da tururuwa take zagayawa. Macen tsutsar na fita daga jikin ƙadangare cike da ƙwai ta bushe a ƙasa, tururuwa ta ja ta zuwa rami ta ciyar da 'ya'yanta, su girma da ita a jiki, wani ƙadangaren ya cinye su. Duk inda ƙadangaren daji ke kiwo, ana iya samunta. Na kai kashin ƙadangaruna wurin likitan dabbobi. Bai ga komai ba a wannan karon, ya ce in sake kawowa kafin su kwanta barcin bana.

Na ba uwargida labari, ta ce, "Ai ka ɗauko ƙadangaren bakin tulu, Malam. A kashe ka a fasa tulu, a bar ka ka ɓata ruwa." Sakin su ma ba hanya ba ce. Nan ba ƙasarsu ba ce, kuma dabbar da ta tashi a gida na iya kai wa na daji cuta.

12 ga Yuni

Tun bayan Sallar layya macen ta daina ci, sai tono. Na jiƙa yashin kusurwa ɗaya, na ƙara masa zurfi, yadda rami zai tsaya bai rufta ba. Shekaranjiya da yamma ta shige, ba ta fito ba sai da safe, ta mai da yashi ta daddale wurin har ba ka gane an taɓa. Daga giram 37 ta koma 26, fatar gefen cikinta ta yi laɓa-laɓa.

Na tone da cokali a hankali. Ƙwai takwas, farare, masu taushin ɓawo, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na ɗiga wa kowanne alama da fensir a sama, don ƙwan ƙadangare ba a juya shi, yadda aka same shi haka ake ajiye shi. Suna cikin roba a kan jiƙaƙƙen bamikulait, wani ɓarɓashin ma'adini mai riƙe danshi, digiri 29. Namijin na mai da shi wani akwati, duk tururuwar makon nan ta macen ce.

6 ga Yuli

An yi ruwa mai ƙarfi, washegari da la'asar na nufi fili, domin a irin wannan rana ce tururuwa masu fiffike ke tashi barbara. Na same su. Bayan barbara sarauniyar kan sauka, ta karya fikafikanta, ta shiga tona rami ita kaɗai. Na tsinci shida suna yawo a ƙasa, kowace na sa ta a kwalbar gwaji, ruwa a gindi an toshe da auduga, na ajiye a duhu.

Niyyata in kafa gidan tururuwa nawa in daina zuwa fili. Sai dai na san lissafin. Deborah Gordon ta Jami'ar Stanford, wadda tun shekarun 1980 take bin gidajen wannan tururuwa kusa da Rodeo a New Mexico, ta nuna gida na ɗaukar kusan shekara biyar kafin ya kai ma'aikata dubu goma zuwa sha biyu, sarauniya ɗaya ce ke haifar su duka, tana iya wuce shekara ashirin, kuma mafi yawan sababbin sarauniyoyi ba sa kai labari. Ƙadangaruna biyu na cin kusan ɗari a rana in lokacin ci ne.

Ƙwai biyu sun lotse sun yi furfura, na cire su.

3 ga Agusta

Ranar Alhamis na farko ya tsaga ɓawo, ya fito da kai, ya tsaya haka kusan yini guda. Zuwa jiya biyar sun fito, na shidan bai motsa ba. Kowanne na zama daram a kan kwabon santi 25, ƙahonin 'yan ɗigo ne kawai, sikelina ba ya ma kama nauyinsu sosai. Tun ranar farko suka iya nutsewa cikin yashi.

Babbar tururuwa ba tasu ba ce tukuna, ita za ta kashe su. Ƙudan 'ya'yan itace marasa fiffike nake ba su, da 'ya'yan gyare sabbin ƙyanƙyasa, da wasu ƙananan tururuwa baƙaƙe da nake samu a filin dattijon, sau biyu a rana, da feshin ruwa kowace safiya don saurin bushewa suke yi. Kafin in fita aiki awa guda ke tafiya a kansu.

23 ga Agusta

Huɗu sun rayu, suna ci, sun yi saɓar farko. Na yi magana da mutumin da ya ƙyanƙyashe iyayensu, ya yarda zai karɓe su a tsakiyar Satumba, in zafi ya sauka. Yana da gidajen tururuwa a filinsa, ni ba ni da bakin da zan ƙara. Namijin zai ci gaba da zama a akwatinsa, baɗi ba za a haɗa su ba.

Macen ta koma giram 30. Cikin sarauniyoyi shida, biyu sun fitar da ma'aikatan farko, ƙanana ƙwarai, uku a kwalba ɗaya, biyar a ɗayar. Na fara sa musu tsabar ciyawa da aka farfasa. In sun rayu, sai wajen 2030 za a iya ɗiba daga gare su ba tare da an karya gidan ba, a lokacin macen na da shekara takwas.

Fitilar UVB ta cika shekara, ko da tana haske ƙarfinta ya ragu, na yi odar sabuwa. Kashi zai koma wurin likita a makon farko na Oktoba. Dattijon ya ce maƙwabcinsa ma na da fili da ba a feshi, Asabar mai zuwa zan je in duba ko akwai gidajen da ba mai kiwo a kansu.